Zaman tarihi na bayan Sallah: labarin fada za mu bayar, ko na gidajenmu?

Sakatare, Garwa:
Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, shawara nake nema. Mutanen Garwa, nan Kamaru, sun san 'yar ƙungiyar nan tamu ta masu son tarihi, wadda ke zama a zauren Baba Alhaji Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Shekara biyu ke nan muna yi mu-ya-mu, da shayi da goro. Bana muka ce a fito da abin fili: bayan babbar Sallah a kafa rumfa a unguwa, a ɗauko hayar kujeru da lasifika, a gayyaci mata da 'yan makaranta. Kowa ya yarda da wannan. Inda muka rabu shi ne abin da za a faɗa wa jama'a.

Tsarin da aka fara kawowa lacca uku ce. Ta farko tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu wajen 1809, da kafa Yola a 1841, da yadda Garwa ta tashi a hannun Modibbo Haman Njundi. Ta biyu zuwan Jamusawa: yadda Lamiɗo Zubairu ya bar Yola a 1901 bayan Turawan Ingila sun ci ta, ya kara da Jamusawa a nan Garwa, ya sake karawa da su a Marwa farkon 1902. Ta uku faɗuwar Garwa a Yunin 1915, da yadda Jamusawa suka maƙale kan dutsen Mora har Fabrairun 1916.

Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma wannan tarihin yana da masu riƙonsa. Marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan garin nan, ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin fada-fada da rikoda yana ɗaukar maganar dattawa, ya rubuta na Garwa da Marwa da Rey Buba kafin ya rasu a 2004. Wanda ke kan ɓacewa shi ne namu. Wa ya fara sauka Hausare, unguwar Hausawa, daga ina, da wane kaya a kan jaki? Daminar bara kaɗai mun binne tsofaffi uku da suka san amsar, ko ɗaya ba mu ɗauki muryarsa ba. Ni so nake a zaunar da sauran tsofaffin a gaban jama'a, su yi magana da bakinsu. Me kuka gani?

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina bayanka. A jami'a tarihi nake karanta, kuma abin da na lura shi ne Bahaushe yana nan ko'ina cikin tarihin Adamawa, amma kullum a gefen labari. Dubi sarautun fadar lamiɗo kawai: Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Pawa, Ajiya. Da wane harshe aka raɗa su? Fatake ne suka riƙa kai tufafin Kano har Ngaundere da Tibati da Banyo, su dawo da hauren giwa da goro. Ko Baturen nan Barth, da ya ƙetare Binuwai a 1851 ya isa Yola, Hausa na cikin harsunan da ya yi tafiyarsa da su. A ba tsofaffi lasifika.

Malamar Lise:
Ni ina ganin kada a jefar da laccocin gaba ɗaya. Ina koyar da tarihi a lise, wato sakandare, na san abin da ke kan yaranmu. Da yawansu za su zayyana maka juyin juya halin Faransa na 1789 ba gargada, amma ka tambaye su me ya sa Yola take Najeriya Garwa take Kamaru, alhali ƙasar lamiɗo ɗaya ce a da, sai su yi shiru. In tsoho ya tashi ya ce "zamanin Jaman", yaro bai san wane zamani ba ne. A yi lacca ɗaya gajera, minti ashirin, a kafa musu turaku: jihadi, Jamus, Faransa, sai 'yancin 1960. Kowane labarin tsoho zai sami inda za a ɗaure shi.

Sakatare, Garwa:
Wannan magana ce, Malama. Ke za ki yi ta kuwa.

Na Fallomi:
Gaisuwa daga Njamena. Ina roƙon kada iyakar Turawa ta zama iyakar zaman naku. Ni a nan aka haife ni, amma kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso da niyyar hajji a ƙafa. Guzuri ya ƙare masa a Fort-Lamy, Njamenar yau, wadda su ke kira Fallomi, ya tsaya ɗinkin hula don ya tara na gaba. Ya yi aure, aka haifi babana, gaban bai yiwu ba sai bayan shekaru masu yawa. Irinsa ba su ƙirguwa, daga nan har Abeshe, har cikin Sudan. Garin Maiwurno da ke bakin Nilu ma mutanenmu ne da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Wannan hanyar ta alhazai tarihi ce babba, kuma ba a fada aka ajiye ta ba, a bakin jikoki take.

Sannan Kuseri tana nan ƙetaren ruwa, muna hangen ta. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabe a can, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ranar ya mutu, sunansa ne garinmu ya ɗauka har 1973. Mu yaƙin namu ne, ku ma naku ne. In kuka saka zaman a waya kai tsaye, za mu taru mu saurara.

Jikan Mahauta:
A sa sana'o'i a ciki don Allah. Gidanmu fawa muka gada, kakana har ya rasu yana iya lissafa mahautan da suka riƙe kasuwa tun kafin a gina gadar Binuwai. Akwai marina, akwai wanzamai, akwai dukawa. Yau yaro na ganin kilishi a leda ya ɗauka haka aka saukar da shi.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
Na karanta duka. Malam Sakatare, Allah ya saka. Amma ƙanena Ɗan Marwa, ka lissafa kayan fatake ka ce tufafi da haure da goro. Ka tsallake ɗaya. Mutane. In za a yi zaman tarihin fatauci a ƙasar nan ba a ambaci bayi ba, to rabin labari aka bayar.

Ɗan Marwa:
Gaskiyarki, Hajiya. Ba mantuwa na yi ba, nauyin maganar na ji. Amma haka ne. Daga Ngaundere an riƙa kai hari ƙasar Gbaya da ta Laka, ana kamo mutane, wasu a tura Yola cikin gaisuwar shekara, wasu fatake su saya su yi arewa da su. Kuma shaidar tana bakinmu kullum. Kalmar rumde a Fillancin Adamawa ita ce abin da Bahaushe ke kira rinji, ƙauyen da bayi ke noma wa ubangijinsu. Duk wanda ya je kallon ƙwallo a filin Rumde Ajiya lokacin gasar Afirka ta 2022 ya furta kalmar, ko ya san ma'anarta ko bai sani ba.

Baba Alhaji, Hausare:
Jikana ke rubuta mini, ni nake faɗa. 'Ya'yana, ku saurare ni da kyau. Zauren da kuke zama nawa ne, ba wanda ya kai ni son wannan aiki. Amma maganar bauta a lasifika, a tsakiyar unguwa, ban yarda ba. Ku yara kuna ganin ta a takarda. Mu mun san gidajen. Mun san wanda kakarsa ta zo a igiya, mun san wanda kakansa ya riƙe igiyar, kuma yau jikokinsu sun auri juna, suna sahu ɗaya a masallaci. Na ga auren da aka fasa saura kwana uku saboda wata tsohuwa ta buɗe baki ta faɗi asalin ango. Yaron nan bai sake zama garin nan ba. Yawan tone-tone, kaza ke tono wuƙar yanka ta. A bar kaza cikin gashinta.

Jikan Mahauta:
Baba ya faɗi abin da ke raina. Mu da ake yi wa gorin sana'a mun san zafin gori. Mutum ɗaya ya tashi cikin taro ya ce "ai gidan su wane", shi ke nan an ɓata shekara hamsin ta zumunci.

Malamar Lise:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ban isa in musa abin da idonka ya gani ba. Sai dai in faɗi abin da nawa ke gani. Ajina akwai Bafillace, akwai Bahaushe, akwai Fali, akwai Tupuri, akwai Gbaya. Yaran nan sun san maganar, Baba. A gida ake faɗa musu, kowane gida da irin nasa, kuma ba da taushi ba. Ranar da faɗa ya haɗa su a filin makaranta, kalmar da ke fara fita ita ce "bawa", ɗayan ya rama da "ɓarayin mutane". Shirun da manya suka yi bai rufe komai ba, ya dai bar wa yara su koya da zagi. In muka kafa rumfa muka yi ta yabon fatake, maƙwabcinmu Fali da ke zaune a kujerar baya ya san abin da muka tsallake, kuma ba zai sake zuwa ba.

Sakatare, Garwa:
A yi haƙuri da juna. Baba uba ne gare mu duka. A ci gaba, amma a hankali.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
Baba, ka gafarce ni, zan yi magana a gabanka. Ba don in tona asirin kowa na tayar da ita ba. Nawa zan faɗa.

Kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, ba Bahaushiya ba ce. Tana yarinya ƙarama aka ɗauke ta a bakin rafi, ita da yayarta, suna wankin ƙwarya. An raba su a hanya. Ta bi hannu biyu ko uku kafin ta faɗo gidan wani bafatake a nan Ngaundere, aka sa mata sunan da muka san ta da shi, ta girma, aka 'yanta ta, kakana ya aure ta. Ta yi sallah, ta yi azumi, ta haifi tara. Sunan ƙauyensu ya ɓace mata. Abin da ya rage mata waƙa ce guda, baiti huɗu, da wani harshe da ba wanda ke ji a gidanmu. In tana daka ko tana lallashin jariri sai ta kama ta ƙasa-ƙasa. Muna yara muna yi mata dariya, mu ce Kaka ta fara yaren aljanu. Ba ta taɓa tsawata mana ba.

Sai da na yi aure na haihu mahaifiyata ta gaya mini, ta kuma ce in rufe bakina kada a yi wa 'ya'yana gori. Na rufe shekara talatin. Yanzu ina da jikoki, kuma na gane cewa rufewar nan ita ce ta sa matar ta mutu ba wanda ya taɓa tambayar ta sunan yayarta. Ni ba na jin kunyarta. Ba ta saci kowa ba, ita aka sata. Kuma kakana bafatake shi ma nawa ne, jininsu duka biyu ke jikina. Wanne zan yanke in yar?

Garin nan da nake zaune, sunansa ma da harshen Mbum ne, dutsen cibiya, don su aka tarar a wurin. Hausawa kuma sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kun yi zaman, ni zan hau mota in zo Garwa, in faɗi wannan da bakina. Ba zan kama sunan gidan kowa ba.

Na Fallomi:
Allah ya jiƙan Kaka. Hajiya, na kasa ci gaba da abin da nake yi.

Ɗan Marwa:
Allah ya sa Aljanna ce makomarta. Inna, ki yafe mini tsallakewar da na yi.

Jikan Mahauta:
Na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Amma ina nan kan tsorona. Hajiya ta san abin da za ta faɗa da inda za ta tsaya. Wanda zai karɓi lasifika bayanta fa? Taron unguwa ba aji ba ne, Malama, ba ki da sandar hana wani magana.

Malamar Lise:
Shi ya sa ba za a bar lasifika tana yawo ba. Masu magana a san su tun kafin ranar, a zauna da kowannensu a ji abin da zai faɗa. Tambaya kuma a rubuto a takarda, mai gabatarwa ya tace. Ƙa'ida ɗaya: ba mai ba da labarin asalin wani. Naka kaɗai, in ka ga dama.

Baba Alhaji, Hausare:
'Yata Hajiya, jikana ya karanta mini sau biyu. Allah ya jiƙan mahaifiyar mahaifiyarki, ya haɗa ta da 'yar'uwarta a inda ba a rabuwa.

Ban canja ra'ayi a kan lasifika ba. Abin da ya shiga lasifika ya shiga kasuwa, wanda ke wucewa a babur zai tsinci rabi ya tafi da shi. Amma ga abin da zan iya. Ranar taron a yi na fili: laccar Malama, da fatake, da alhazan ƙafa, da sana'o'i. Malama ta faɗi a cikin laccarta, da kalma mai kyau, cewa an yi cinikin mutane a ƙasar nan kuma da hannun namu a ciki. Wannan gaskiya ce, ba ta nuna gidan kowa ba. Washegari kuma a dawo zaurena, ƙofa a buɗe ga duk mai so, ba lasifika. Nan Hajiya za ta yi magana, ni zan zauna kusa da ita. Wanda ya taka ya shigo zaure ya zo ji ne, ba wucewa yake ba.

Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: akwai akwatin mahaifina a ɗaki. Takardun ajami ne, wasiƙu da lissafin bashi na fatauci. Na daɗe ban bari an buɗe ba, don na san a cikin lissafin ba goro kaɗai aka ƙirga ba. Gara ta fara cin gefe ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
Na yarda, Baba. Zaure ya ishe ni. Allah ya ƙara girma.

Ɗan Marwa:
Baba, don girman Allah a ɗaga akwatin daga ƙasa yau ɗin nan, a ɗora kan tebur nesa da bango. Kada a sa takardun a leda, zufa za su yi su manne. Kada a shanya su a rana, kada a liƙa wanda ya yage da salatif. In na zo hutu zan ɗauki hoton kowace takarda da waya, gaba da baya, a gabanka, ba tare da ko ɗaya ta bar zauren ba.

Sakatare, Garwa:
Wannan sharaɗin na ƙarshe a riƙe shi da ƙarfi. Mu an taɓa yi mana. Wani mai bincike ya zo gidanmu ina saurayi, ya karɓi kundin kakana ya ce mako biyu zai dawo da shi. Mahaifina ya rasu yana jira. Shi ya sa tsofaffi ke ɓoye takardu, kuma suna da hujja. Ƙungiyarmu ba za ta karɓi takardar kowa ba. Hoto kawai, da izinin mai ita, shi ma a ba shi nasa.

Na Fallomi:
Ku ajiye hotunan da muryoyin wuri uku, kada ku dogara da waya ɗaya. Ni zan riƙe kwafi a nan. Kuma wata rana ku shirya wa 'yan makaranta ziyara. Kusa da mu akwai Gawi, inda Kotoko suka mai da tsohon gidan sarki gidan tarihi, da tukwanen mutanen Sao. Yaro in ya ga abu da idonsa ba ya mantawa. Ku ma kuna da zanen duwatsun Bidzar a hanyar Marwa, mutane na wucewa kullum ba sa tsayawa.

Jikan Mahauta:
To da wane harshe za a yi? In Hausa zalla ce, maƙwabta ba za su zauna ba. In Faransanci ne, tsofaffi sun fita.

Malamar Lise:
Tsoho ya yi da harshen da ya fi sakewa, Hausa ko Fillanci. Bayan kowane mai magana a taƙaita da ɗayan. Ɗalibaina manya za su rubuta taƙaitawa da Faransanci a raba wa 'yan makaranta. Zai ja lokaci, don haka kada masu magana su wuce huɗu. Kuma cikin huɗun a sa mace. Labarin gida a wurin mata yake, su suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya.

Jikan Mahauta:
Gwaggona tana nan, ta haura tamanin, hankalinta garau. Sai dai ba za ta yi magana gaban maza a rumfa ba. A je gida a ɗauki muryarta, in ta yarda a saka. Naman da za a ci ranar kuma a bar mini.

Sakatare, Garwa:
Alhamdu lillahi. Ga abin da na rubuta. Ni da Baba za mu je gaisuwa wurin Sarkin Hausawa, shi zai yi mana jagora zuwa fada, don ba a kafa rumfar tarihi a gari mai lamiɗo ba a sanar ba. Takardar sanarwa ta ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ni zan kai. Kuɗin kujeru da rumfa da janareta, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, daga jaka ɗaya zuwa sama. Ɗaukar muryar tsofaffi kuwa ba za ta jira Sallah ba, Asabar ɗin nan za mu fara da gwaggon Jikan Mahauta. Ina neman matasa biyu masu waya mai kyau, mace ɗaya namiji ɗaya.

Abu ɗaya bai warware ba: ko za a ɗauki zaman zaure a waya, ko a bar shi ga kunnen waɗanda suka zo. Baba ya ce a'a, Malama ta ce a ɗauka a ajiye. Hajiya, maganarki ce, ke za ki yanke.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
Zan yi shawara da 'ya'yana tukuna, don su ma kakarsu ce. Amma waƙar ban da shakka a kanta, ina so a ɗauka. Har yanzu tana kaina, baiti huɗun duka, ko da yake ban san ko ina furta ta daidai ba.

Ɗan Marwa:
Inna, ki rera ta a saƙon murya ki turo mini ni kaɗai. Ɗakin kwananmu akwai ɗan Gbaya daga Meiganga, ajinmu akwai 'yan Mbum, akwai kuma 'yan Cadi daga wajen Mundu. Zan saka musu ɗaya bayan ɗaya, ba zan faɗi ko ta wace ce ba. In su ba su gane ba, za su tura wa kakanninsu.

Hajiya Mai Atamfa, Ngaundere:
To, ɗana. Bari in idar da la'asar, gidan ya yi shiru, sai in turo.